'Yar Magini da Bakin Gada na Uku

Haihuwarta da Asalinta

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka fi sani da 'Yar Magini, a shekarar 1952, a wani gida mai ɗaki uku da ke layin bakin rafi, a garin da ta rayu a cikinsa har ƙarshen kwanakinta. Mahaifinta magini ne, mahaifiyarta kuwa ɗinki take yi da keken hannu a tsakar gida. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma ita kaɗai ce mace, saboda haka tun tana ƙarama ita ake ɗora wa kwanon abinci ta kai wa mahaifinta duk inda yake aiki. Daga nan laƙabin ya samo asali, ya bi ta har ya danne sunanta na yanka.

A shekarar 1959, tana da shekara bakwai, aka ba mahaifinta da abokan aikinsa ginin gadar da ta haɗa layinsu da hanyar kasuwa. Ƙaramar gada ce mai baki uku, wato ƙofofi uku da ruwa ke bi ta ƙarƙashinta. Ranar da aka shafe saman baki na uku, wanda ke ɓangaren gabas, ta kawo abinci ta tarar da simintin ɗanye yana sheƙi, sai ta faki ido ta danna tafin hannunta a kai. Mahaifinta ya ja mata kunne, ya ɗauko cokalin gini zai shafe wurin, sai kuma ya fasa. "A bar shi," in ji shi, "gobe in gadar ta rushe, an san wanda za a kama."

Karatunta

An sa ta makarantar firamare a shekarar 1960, ta kammala a 1967. Malamanta sun shaide ta da tsabta da natsuwa da ƙwarewa a lissafi, da kuma wata ɗabi'a da ba ta rabu da ita ba har tsufa: idan aka faɗi abin da ta san ba haka yake ba, ba ta ɗaga murya, amma kuma ba ta cewa to. Ta ci jarrabawar shiga makarantar gaba, sai dai a wannan shekarar mahaifinta ya faɗo daga kan gini ya samu rauni a baya, ya kwanta jinya, don haka ta haƙura da karatu ta zauna tana taimakon mahaifiyarta. Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 1969.

Aikinta

A shekarar 1970 aka ɗauke ta aiki a sashen wanki na babban asibitin garin. Sashen dogon ɗaki ne mai kwamin wanki huɗu na siminti, da igiyoyin shanya a bayansa, da wata siririyar magudana da ke bin gindin bango ta fita waje. Kusan kowane mako sai magudanar ta toshe da zare da kumfar sabulu, ruwa ya kwanta a ɗakin har idon sawu. Sababbin ma'aikata sukan kama tsokanar ta daga cikin ɗaki, inda suke ganin ruwan, su ƙara cusa dattin gaba. Ita kuwa sai ta zagaya bayan ginin ta fara daga inda ruwan zai fita. Takan ce musu, "Ruwa ba ya faɗa da kowa, hanya kawai yake nema. Ku buɗe masa ƙofar fita kafin ku ce masa tashi."

An naɗa ta shugabar sashen a shekarar 1988, ta yi ritaya a 2005 bayan hidimar shekara talatin da biyar, ba tare da an taɓa neman zanen gado ko ɗaya an rasa a hannunta ba.

Aurenta da 'Ya'yanta

Ta yi aure a shekarar 1972. Mijinta mai gyaran rediyo ne, mutum mai fara'a da yawan barkwanci, gidansa kuwa shi ne na biyar daga gidan mahaifinta a kan layin nan dai na bakin rafi. Yakan gaya wa abokansa cewa shi mata ya aura, sai ya samu agogo kyauta. Allah Ya ba su 'ya'ya bakwai tsakanin 1973 da 1989, biyu suka rasu suna ƙanana. Ita da mijinta suka ƙara ɗakuna biyu a gidan, suka dasa lemun tsami a tsakar gida, suka aurar da 'ya'yansu daga cikinsa. Mijin ya rasu a shekarar 2009, ya bar ta da gidan, da akwati guda cike da rediyoyin da masu su ba su dawo karɓa ba.

Yadda Rafi Ya Cike

Tun daga wajajen 1980 kasuwa ta fara bunƙasa, jama'a suka ƙaru, gefen gabas na gadar ya zama wurin zuba shara. Tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye: ita ma ta zuba tata a can shekaru da dama, kamar kowa, tana cewa gobe za a kwashe. Da zamanin leda da robobin ruwa ya zo, bolar ta taurare ta zama tudu, ciyawa ta fito a kanta, daga bisani wani mai shayi ya daddale saman ya kafa teburinsa da bencina biyu. Baki na uku ya nutse, waɗanda suka san shi suka yi ta raguwa, har ya zamana a shekarar 1994, da ma'aikata suka zo suka auna gadar, baki biyu suka gani, baki biyu suka rubuta.

Ruwa ya fara shiga gidajen layin a daminar 2012, ya sake shiga a 2016. A 2018 ya kai mata gwiwa a cikin ɗakinta, ya jiƙa akwatin mijinta, ya rusa katangar maƙwabta. Duk lokacin da aka taru ana jajantawa takan ce gadar nan baki uku gare ta, a kuma amsa mata da "Allah Ya ƙara lafiya, Iya," irin amsar da ake ba tsoho idan ba a son yi masa musu.

Jan Fenti

A farkon shekarar 2019 jami'an tsara gari suka bi layin da gwangwanin jan fenti, suka sa wa gidaje ashirin da uku alamar rushewa, nata na cikinsu. Hujjarsu ita ce gada mai baki biyu ba za ta iya ɗaukar ruwan rafin ba, don haka wajibi ne a faɗaɗa hanyarsa ta kan gidajen. Babban ɗanta ya zo da mota domin ya kwashe kayanta, ta ba shi abinci, ta sallame shi da motarsa wayam.

Tana da shekara sittin da bakwai a lokacin. Ta je ofishin sau uku kafin ta samu ganin injiniyar da ke riƙe da aikin, wata matashiya da ba ta kai autarta shekaru ba. Injiniyar ta shimfiɗa mata takardar awon, ta nuna mata baki biyu. Marigayiya ta duba da kyau, sannan ta ce, "'Yata, takardarki ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta faɗa. Amma ni na riga ta zuwa wurin." Injiniyar ta yi dariya, ta amsa cewa idan baki uku ne lissafin zai canza, sai dai ba ta da ikon tura motar haƙa a kan maganar baki. Abin da za ta iya shi ne ta jinkirta rusau zuwa ruwan farko na damina.

Aikin Sa-kai

Akwai ƙungiyar sa-kai ta matasa da matan unguwa da ta daɗe tana fita sharar rafi, sai dai kowa ƙofar gidansa yake sharewa, ya tura dattin ƙasa, ya je ya taru a gindin gada. Marigayiya ta sa aka rubuta sunanta a ƙungiyar, ta zo taronsu da takalmin roba na zamanin aikinta, ta nemi abu biyu: a fara daga ƙasan gada a hauro sama, kuma a haƙa tudun da ke ƙarƙashin teburin mai shayi.

Na farkon bai yi wuya ba. Na biyun ne ya ja magana. Mai shayi ya ce shekararsa goma sha tara a wurin, bai taɓa jin ruwa na gudu a ƙarƙashinsa ba. "Iya, in aka tona ba a ga komai ba fa?" Ta ce, "In ba a gani ba, ni zan mayar maka da ƙasarka da kwano, in kuma wanke maka kofuna har shekara." Ya ce shi dai ya san wankinta ba ya barin datti, ya ja teburinsa gefe.

Asabar ta farko aka kwashe ƙasan gada, aka fitar da leda da robobi da tsofaffin tayoyi da katifa guda, har da ƙofar firji. Ita ke tsaye a bakin rafi tana rarraba aiki, masu shebur a gaba, masu baro a baya, mata suna tsince kwalabe da ƙarafa gefe guda don kada su yanki wani. Asabar ta biyu aka shiga tudun, aka wuni ana haƙa, ba a tarar da komai ba sai baƙar ƙasa mai wari. Mutum sittin ne suka fito da safe, kafin la'asar saura goma sha huɗu. Wani makaniki ya jingina da sheburinsa ya ce, "Iya, anya ba wata gadar kika tuna ba?" 'Yarta da ke wurin ta ba da labarin cewa a ranar ce kaɗai ta ga mahaifiyarta ta koma gida ta zauna a gindin lemun tsami tana kallon ɗakunan ɗaya bayan ɗaya.

Asabar ta uku ta riga kowa fitowa. Ta tsaya a kan gadar ta ƙirga ginshiƙan makarin da ke gefenta, ta gane cewa an yi gabas da yawa, ta sa aka dawo da haƙan taku huɗu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe sheburin makanikin nan ya bugi siminti. Aka kankare, aka kawo ruwa a bokiti aka watsa, sai ga gefen baki na uku, a samansa kuwa ga sawun ƙaramin hannu, yatsu biyar cif. Aka riƙe ta ta sauka cikin ramin. Ta ɗora hannunta a kai, ya rufe sawun har ya yi saura. Ta daɗe a haka kafin ta ɗago ta ce, "To, ga wadda za a kama." Ba wanda ya fahimci maganar sai da ta ba su labarin daga baya.

Kafin azahar waɗanda suka gudu sun dawo, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Injiniyar ta zo ranar Litinin ta auna da kanta, ta turo motoci biyu suka kwashe abin da ya fi ƙarfin baro.

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka, mako biyar bayan haka, ya yi kusan awa uku yana zuba. Mutanen layin suka fito da lema da buhuna a ka, suka jeru a bakin rafi. Ruwan ya taso ja wur, ya kai rabin bakunan gadar, ya tsaya nan, yana wucewa ta ukun gaba ɗaya. Ko ƙofar gida ɗaya bai taɓa ba. Marigayiya ta kalla har ta gamsu, ta ce alhamdu lillahi, ta koma gida ta kwanta, ta yi barcin da 'ya'yanta suka ce rabonta da irinsa tun ranar da aka sa jan fenti. A ƙarshen daminar aka soke umarnin rusau a rubuce. Ita da kanta ta dama farar ƙasa ta shafe alamar da ke jikin katangarta, mai shayi kuwa ya kafa teburinsa a ɗaya gefen, yana gaya wa duk wanda ya zauna cewa shi ya ba da filin.

Shekarunta na Ƙarshe

Daga 2019 zuwa 2022 ba ta fasa fita sharar rafi ba a Asabar ta farko ta kowane wata. Da ƙafa ta gaza, sai a kai mata kujera bakin gada, ta zauna da sandarta tana nuna ledar da aka tsallake. Ta sa an ajiye durom huɗu na zuba shara a layin, kuma duk sabon da ya shiga ƙungiyar sai ta tambaye shi daga ina ake farawa, in ya nuna sama ta ce ya sake tunani.

Rasuwarta

Allah Ya yi mata rasuwa da hantsin wata Laraba, a tsakiyar daminar shekarar 2023, tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan gajeriyar jinya, a ɗakinta, a cikin gidan da aka taɓa sa wa jan fenti. Aka yi mata sutura, aka sallace ta a ƙofar gidan bayan azahar. An kwana biyu ana ruwa, amma masu ɗauke da makara suka bi ta kan gadar zuwa maƙabarta ƙafafunsu a bushe, rafi na wucewa a ƙarƙashinsu ta baki uku.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyar: babban ɗanta, direban babbar mota, mai bi masa, malamar makaranta, ta uku, ungozoma a asibitin da mahaifiyarta ta yi aiki, na huɗu, wanda ya gaji kakansa a sana'ar gini, sai auta, tela, wadda ke zaune a gidan da iyalinta har yau. Ta kuma bar jikoki goma sha tara, da gidaje ashirin da uku a tsaye.

Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata, Ya buɗe mata hanya kamar yadda ta buɗe wa ruwa tasa.