Ranar da Inna Tumba Ta Kai Kyanwa Dahome

Duk wanda ya san Inna Tumba, ƙanwar babana mai bandar kifi a Illo, ya san ba ta amsa gaisuwar safe sai ta ɗaga leɓen kyanwarta ta duba dasashi. Kana durƙushe kana "Ina kwana," ita tana leƙen bakin dabba! Har yau abin nan yana min ciwo.

Na taɓa yin kwana uku cikin zazzaɓi, ta leƙo ta ce, "Magidanci da raki? Sha sabara ka tashi." Amma ranar da kyanwar ta yi atishawa sau biyu, hana hura wuta ta yi a gidan, wai hayaƙi. Mai bandar kifi fa!

Sai dai ta san abinta. Na taɓa gaya mata kyanwar ta ƙi cin abinci, ko kallona ba ta yi ba. "Ƙin ci na wuni guda yanga ta. Ƙyale ta."

Ranar bikin samun mulkin kai, ana tsakiyar kiɗa, ta sa aka fizgo ni daga cikin taro. Na tarar da kyanwar kwance, yawu na dalala, zare na reto a gefen bakinta. Ƙugiyar kamun kifi ta haɗiye. Nan take maƙwabta kowa ya zama likita.

"A ɗura mata manja!"

"A ja zaren kawai!"

"Wanda duk yaj ja zaren ga, ni da shi!" in ji Inna, wadda mussa take ce wa kyanwa. "Mussa ba kare ta ba. In kag ga tana haki baki buɗe, dasashi ya yi hwari, ba a jiran gobe."

Malamin dabbobi na hukumar En'e ya tafi biki Birnin Kebbi. Wanda ya rage yana tsallaken iyaka, a Dahome, yana yi wa shanu allura. Ni, da sabuwar rigata, ta ɗora wa kwando a ka da kyanwar a ciki, 'yan gari marasa ta ido suna mana shewa. Ko ɗaya bai ce ga jaki ba!

A iyaka ɗan sanda ya tare mu, wai ina takarda.

"An ce mun samu 'yanci," ta ce. "Mussa ba ta samu ba?"

Dariya ta hana shi magana, muka wuce.

Malamin ya ce layin shanu ne wannan. Ta ce, "Shanun suna lumfashi, wagga ba ta yi." Fulani da kansu suka matsa. Ya zaro ƙugiyar da hantsaki, ya ce da an ja zaren, da maƙogwaro ya yage.

A hanyar dawowa na buɗe baki zan zazzage mata haushina, sai na ga hawaye a fuskarta. Ta ce, "Tun da maigidana yar rasu, ita kaɗai ka jiran in komo gida."

Na haɗiye maganata, na gyara kwandon.

Allah Ya jiƙan Inna. Yadda ta tausaya wa abin da ba ya iya cewa ciwo, Allah Ya tausaya mata.