Mujallar Dokta a Teburin Mai Tsire

Har yau idan na ji ƙaurin tsire gabana sai ya faɗi, kuma Dokta ne ya ja mini.

A shekarun da ake yawan kame a unguwarmu ta Briqueterie, duk sanda wani abu ya fashe a arewacin ƙasar, ina aiki a wani shagon buga takardu kusa da layin mahauta. Sakandare kawai na yi, amma na iya kwamfuta. Mutum biyu daga jami'a ke yawan zuwa. Ɗaya ɗaliba ce mai bincike, wadda a wayarta take karanta mujallun ilimi. Ɗayan malaminta ne, Dokta, mai furfura da jan biro a aljihu. Shi duk maƙalar da ya sauko da ita daga intanet sai an buga masa ita a takarda.

"Karatun da ba ka riƙe a hannu ba, kallo ne," in ji shi. "Ke da wayarki, gobe a ɗauke wuta, ina iliminki?"

"Malam, naka kuma gara ta cinye," ta ce tana dariya.

Mu a shagon ba ma zubar da shafin da tawada ta ɓata. Tarawa nake in kai wa Baba mai tsire na bakin layi ya naɗe nama, wani lokaci ya yanko mini ɗan gutsure. Kowa haka yake yi. Ban taɓa duba abin da ke jiki ba. Ingilishi ne, ni kuwa Faransanci na yi.

Wata Talata da hantsi, ina ni kaɗai, maza uku, jami'an tsaro cikin farin kaya, suka shigo babu sallama. Ɗaya ya shimfiɗa takarda a teburina, duk maiƙo da yaji. Taswirar garuruwan kan iyaka ce, da kibiyoyi, a ƙasa hoton bindigogi. Tsirensa aka naɗe masa a ciki. Baba ya nuna musu shagonmu.

"Ke, wa kike buga wa wannan?"

Na ce Dokta. Suka ce in taho in yi bayani a ofishinsu. Aka ratsa da ni layinmu, teloli sun tsayar da keke suna kallo.

A can aka zaunar da ni a benci, aka ce in kira shi, a buɗe murya kowa ya ji.

"Dokta, don Allah, shafin mujallarka ne, wanda ya ɓaci ranar Juma'a. Ka zo ka gaya musu."

Sai ya ce, "Wace mujalla? Yarinya, ni duk karatuna a kwamfuta nake yi. Ban san wata takarda ba."

Ya kashe. Wanda ke gefena ya yi murmushi, ya ce in cire ɗankunne da agogo, za a kulle ni.

Ɗalibar ce ta zo bayan la'asar, don labari ya kai mata. Ta ajiye katinta na jami'a, ta buɗe mujallar a wayarta, ta jera ta da takardar maiƙon. Taswira ɗaya, lambar shafi ɗaya. Suka yi ta juya wayar hannu zuwa hannu. Dab da magariba aka sake ni. Na tarar da innata a bakin ƙofa, takalminta wari da wari.

Bayan mako biyu sai ga Dokta, ya ajiye kile ɗinsa, ɗan abin ajiye takardu da ake soka wa kwamfuta, a teburina kamar ba shi ba.

"'Yata, shafi arba'in, gaba da baya. Ki yi sauri."

Na tura masa abinsa.

"Ai kai a kwamfuta kake karatu, Dokta. Na ji da kunnena, su ma sun ji."

Ya ce ba ni da kunya, zai gaya wa mai shago. Na ce ga lambarsa can a bango. Ya tsaya yana taɓa jan bironsa, sannan ya ɗauki kile ɗin ya fita. Ban raka shi ko da ido ba.