Bangon Surukar Vandi

Vandi ya sauko Mubi daga duwatsun Michika a shekarar da aka yi ƙuri'ar raba-gardama ta biyu. Da ya auri Dokas, 'yar ƙauyen Duvu, sai ya sami aikin feshin sauro. Maganin kyauta ne daga ƙasashen waje, a ganguna yake zuwa. A dama shi da ruwa, a goya famfo, a bi ɗaki ɗaki. In ya bushe sai ya bar farin gari a bango, sauron da ya sauka a kai ya mutu.

Vandi na son aikin nan, har yana cewa ya fi noman gyaɗa mutunci.

Bayan kaka, shugabansu Malam Zailani ya ji ƙishin-ƙishin wasu ma'aikata na tsallake gidaje. Ya ce zai bi ƙauyuka ya gwada bango, wanda aka kama ya ajiye famfo.

"A Duvu gidan wa za mu shiga?" ya tambayi Vandi.

"Gidan surukata, Malam. Nan ko tsakar gida ban bari ba."

Vandi ya aika wa tsohuwar, Miriyamu, cewa babban baƙo na tafe.

Ran da suka iso, maƙwabta sun cika gidan. Vandi na sa kai ɗaki gabansa ya faɗi. Bangon ja wur, sumul, ga sawun yatsu a sabon yaɓe.

"Sannunku da zuwa," in ji Miriyamu daga bakin ƙofa. "Ɗana, ka ce babban mutum, shi ne na ɗan gyara. Bayana har yanzu bai miƙe ba."

Zailani bai kula ba, ya ɗauka shara take nufi. Ya kifa ƙoƙon gilashi mai sauro a bango, aka zauna aka sha kunu. Da ya duba, sauro na nan garau.

"Waɗannan ai sun fi ni lafiya. Vandi, ka fesa ɗakin nan?"

Amsar na bakinsa. Amma ga tsohuwa tana murmushi, ga mata na leƙe, kuma suruki ba ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce uwar matarsa ta yi ɓarna.

"Laifina ne, Malam."

"Gidan surukarka ma? To, sauran gidajen fa?"

A hanya ma bai yi bayani ba, don ya san Zailani zai koma ya tambaye ta. Washegari ya miƙa famfo.

Dagacin Duvu ya ba shi gona, ya koma gyaɗa. Dokas kaɗai ta san gaskiyar, ita ma ta yi shiru. Har Miriyamu ta rasu, in baƙo ya zo sai ta ba shi labarin babban malamin Mubi da ya daɗe yana kallon bangonta. In Vandi na kusa, yakan ce, "Haka aka yi, Inna."