Baba Mai Kemis, Wanda Ya Hana Ni Allura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Baba Mai Kemis na bakin layinmu, bayan jinyar kwana tara.

Baba, ni ce mai ɗinkin nan da ta taɓa ɗaga maka murya a gaban jama'a. Na zo da 'yata Auta a goye, shekararta biyar, kwana huɗu tana zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Idanunta sun yi jawur, leɓɓanta sun tsattsage, ga ƙuraje, ga ciwon ciki. Ni na riga na yanke cewa ƙyanda ce, allura kawai nake so a yi mata. Kai kuwa ka sauke tabarau kan hanci, ka shiga tambayoyin nan naka da muke yi maka tsiya a kansu, muna cewa sayen magani a wurinka ya fi jarrabawa wuya.

"'Yar nan, akwai wanda ya yi korona a gidanku?"

"Babanta ne, amma ai ya fi wata da warkewa. Don Allah, Baba, yi mata allura mu tafi!"

"Ba zan yi ba. Wannan ta fi ƙarfin shagona."

Na faɗi maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ka sallami masu saye, ka rufe shago, ka tare mota, ka kai mu asibitin yara da kanka. Likita ya ce wata cuta ce da kan biyo bayan korona da makonni, jikin yaro ya kumbura daga ciki, kuma ta riga ta taɓa zuciyar Auta. Kwana sha ɗaya muka yi a kwance. Bayan nan duk wata muna komawa a ɗauki hoton zuciyar, muna dawowa kana leƙowa ta tagar shago: "Me hoton ya ce?"

Yau a layinmu babu uwar da za ta ga jan ido da dogon zazzaɓi ta tsaya neman allura. Kai ka koya mana, ni kuma na zama mai yaɗawa ga duk wadda ta kawo ɗinki.

Ranar Alhamis, kwana biyu da binne ka, likita ya ce zuciyar Auta ta koma daidai, ya sallame mu gaba ɗaya. Na yi murna har na yi kuka. Na so ka ji wannan da kunnenka, Baba.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna matar Baba da yara da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Amin.