Saniya Mai Ƙafa Uku

Ban iya zane ba, kuma ban taɓa cewa na iya ba. Saniyar da na zana a shekarata ta shida da fara aikin nas a Tamale ƙafa uku gare ta, don da na zo kan ta huɗu wuri ya ƙare, ƙwaryar tatsa ta cinye shi. Amma tawa ce, ko cikin garke aka saka ta zan nuna ta.

Asibitinmu ƙarami ne a bakin gari, ni kuma ina ɓangaren awon ciki. Kullum daga Lamashegu nake tasowa a kan babur, in ratsa 'yan yalo-yalo, wato masu adaidaita-sahu, in bi ta Kanvili in wuce. Matan Fulani na rugagen bayan gari suna zuwa mana awo, galibi bayan sun sayar da nono. Mu ba su ƙwayar ƙarin jini, mu ce kullum ɗaya, su ce to, su ƙulle ta a bakin zane, wata ya zagayo su dawo da ita kusan yadda take. Ba taurin kai ba ne. Mace ce da ba ta duba agogo, ba ta karanta abin da muka rubuta a jikin leda. Sai na ce bari in ɗaura ƙwayar a kan abin da ba ta taɓa mantawa, wato tatsar safe. Na zana saniya da ƙwarya da jar ƙwaya ɗaya a gefe, na yi kwafi na rarraba. Suka fara sha kuwa, ni kuma kaina ya kumbura.

A aikinmu kowace nas tana da fotfoliyo, wani babban fayil ne da take tara shaidar aikinta: takardun bita, abin da ta koya, abin da ta ƙirƙiro, da shafukan da take zama ta rubuta inda ta yi daidai da inda ta yi kuskure. Ƙarin girma da shi ake nema, hutun karatu ma haka. Kuma ba ya zuwa gaban kowa sai shugabar sashe ta sa hannu ta buga hatimi. A shekarar jami'a ta ba ni gurbin digiri a fannin lafiyar al'umma, abin da ya rage kawai hutun karatu. Fayil ɗina shuɗi ne, aikin shekara shida a ciki, saniyata a shafi na tsakiya. Na ɗauka na kai wa incajinmu, wato shugabar sashenmu.

Maa muke ce mata. Doguwar mace ce mai farin kaya da ko ƙuda ba ya sauka a kai, ga ƙamshin turare tun daga ƙofa. Ba ta taɓa taka ruga ba, ta ce warin kashin shanu yana tayar mata da ciwon kai. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ta buɗe fayil ɗin, ta tsaya a kan saniyar ta daɗe, sannan ta rufe.

"Ka bar shi nan, zan duba."

Na bar shi, har da godiya. Wannan godiyar ce har yau take ƙona mini rai.

Yana hannunta ne na je wata ruga da sassafe duba wata mai ciki da ta kwana biyu ba ta zo awo ba. Na same ta tsugune a gindin saniya. Da ta gan ni ta yi murna, ta kwance bakin zane don ta nuna mini tana bin maganata, ta jefa ƙwayar a baki, ta ɗaga ƙwaryar madara mai ɗumi ta kora. Tun muna makaranta aka koya mana madara tana hana jiki cin moriyar wannan ƙwaya. Na sani, na rubuta a jarrabawa, amma ban taɓa tambayar kaina abin da ke hannun mace lokacin tatsa ba. Na ja fatar idonta, na ga fari fat. A nan gindin saniyar na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Na koma na zana sabo: buta, da jar ƙwaya a gefe. Lokacin alwalar azahar an sayar da nono, ƙwarya ta bushe, ruwa ne a hannu. Na bi rugagen da na raba tsohon zanen ɗaya bayan ɗaya, ina karɓe saniya ina ba da buta, ina ba da haƙuri. Sannan na nufi ofishin Maa.

"Maa, akwai shafi ɗaya a fayil ɗina da nake so in canja, saboda..."

"Wane fayil?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na nema, ban gani ba. Ya ɓace lokacin da aka yi fenti. Ku yaran yanzu, komai sai ku ɗora wa babba. Ka yi sabo."

In yi sabo, saura kwana huɗu a rufe karɓar takardun neman hutun karatu. Na roƙe ta, na yi kuka a gabanta, ni da ban yi kuka ba ranar da babur ya kayar da ni a shataletale. Ta miƙo mini tishu ta ci gaba da latsa waya. Aka rufe. Jami'a ta yarda ta ɗaga mini gurbin shekara ɗaya, ta kuma rubuto a fili cewa ba a ɗagawa sau biyu.

Mahaifiyata ta ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma ina so in kasance a wurin ranar da zai yi hukuncin. Ta ce bakina zai ja mini wata rana.

Shekarar nan ban huta ba. Na bi duk inda na taɓa yin bita ina roƙon a sake ba ni takarda. Wasu suka ba ni, wasu suka ce sun canja kwamfuta. Na sayi sabon fayil, baƙi. Na zauna na rubuta shafi biyu a kan kuskurena, ban rage komai ba: saniyar, madarar, farin idon matar, butar. Kowane shafi na yi masa hoto a waya. Maa kuwa kullum da safe ina durƙusa mata in ce dasiba, wato ina kwana, ta amsa, in yi murmushi. Ban san ina da irin wannan haƙurin ba, kuma ba na kirki ba ne.

Saura kwana goma sha ɗaya a yi taron bitar aiki na gunduma, wanda daraktar lafiya take zuwa da kanta, na shiga ofishin Maa ɗaukar makullin kabad. A bayan kabad ɗin na ga manyan takardu a naɗe. Na ɗan buɗe ɗaya. Saniyata ce, an buga ta da kala, an ƙara mata girma har ta kai rabin ƙofa, ƙafafunta uku, sunan Maa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ashe da ita za ta nemi ƙarin girma, bayan taron kuma a raba wa sauran asibitoci.

Na naɗe na mayar yadda na same ta. Wallahi ba baƙin ciki na ji ba, daɗi na ji. Matar nan ta saci kuskurena, ta kai an buga mata shi da kala.

Abin da ya dace shi ne in gaya mata a ranar. Ban gaya mata ba. Kullum sai na ƙirƙiri dalilin shiga ofishin in leƙa bayan kabad, in tabbatar takardun suna nan ba a fitar ba. Da an fitar da su kafin taron, da na yi magana? Ina so in ce e, kuma ina jin da na yi. Amma ban taɓa rubuta wannan tambayar a fotfoliyo ba.

Ranar taro aka cika ɗakin, fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Darakta tsohuwar ungozoma ce, gajeriya, mai tabarau a kan hanci. Maa ta tashi ta manna saniyata a allo, ta yi bayani da Turanci mai santsi, yadda ta lura, yadda ta yi tunani, yadda dabara ta zo mata. Aka tafa. Ni ma na tafa, har na fi kowa. Da aka ce akwai mai tambaya, na ɗaga hannu.

"Maa, don Allah, da me matan suke haɗiye ƙwayar?"

Ta yi dariya. "Da ruwa mana. Da me kai kake sha?"

"Tana tsugune a gindin saniya, Maa. Randa tana can cikin bukka. Me ke hannunta?"

Darakta ta zare tabarau, ta dubi ƙwaryar da ke allo, ta dubi Maa. Daraktar ce ta fara faɗa, a hankali: "Madara." Wata nas a baya ta ce innalillahi. Maa ta ce ai za a yi musu bayani, ai wannan somin-taɓi ne. Darakta ta tambaye ta a wace ruga ta gwada. Ta ce da yawa. Aka ce ta ambaci ɗaya. Gumi ya fara ɓata farin kayan nan.

Sai na tashi da baƙin fayil ɗina na ajiye a gaban darakta, a buɗe a shafin kuskure, butar tana gefe. Ta karanta shafi biyun duka, ba ta tsallake layi ba, mutane suna jira. Da ta gama ta nuna allo da biro.

"'Yata, me ya sa saniyar nan ƙafarta uku?"

"Wuri ne ya ƙare mini, ranki ya daɗe."

Ɗaki ya fashe da dariya, ban da mutum ɗaya. Darakta ba ta yi wa incajinmu faɗa a gaban jama'a ba, kuma na ji haushin hakan. Cewa kawai ta yi a sauke takardar, kuma tana son fayil ɗina a teburinta da sa hannun Maa kafin a tashi aiki.

Bayan la'asar na shiga ofishin. Maa tana zaune, idonta ya yi ja.

"Ka bar shi nan," in ji ta, ba ta dube ni ba.

"Zan tsaya, Maa."

Na ajiye shi a teburin, amma ban ɗauke hannuna daga gefensa ba. Ni nake buɗe mata shafi, tana sa hannu, in buɗe na gaba. Da muka zo inda na rubuta cewa ni na zana saniyar kuma ni na yi kuskuren, na dakata na ba ta lokaci ta karanta. Ta sa hannu a ƙasa. Sannan ta ja durowar ƙasa don ta ɗauko hatimi, ta manta abin da ke ciki. Shuɗin fayil ɗina ne a kwance, ko ɗigon fenti babu a jikinsa.

Na gani, ta ga na gani. Ta ɗauko shi ta turo mini a kan tebur. Aikin shekara shida ne, kuma na yi kukansa. Amma na tura mata abinta.

"Ki riƙe, Maa. Akwai sauran kuskure biyu a ciki da ban gaya wa kowa ba tukuna."

Babu ko ɗaya. Na rungumi baƙin fayil ɗina na fita, na tayar da babur. A watan da ya biyo na fara karatu.