Ƙugiyar da Ta Kusa Cin Aikin Malam Habibu

Har gobe ban manta da ranar Talatar da aka tura ni Gaya in rubuta rahoton da za a kori mutum da shi ba. Ku da kuka zo mana kwanan nan kuna jin ana ce mini mai bin diddigi, har wasunku na tsokanata da shi a bayan idona. To, ba haka aka haife ni ba, ranar nan ce ta koya mini.

A lokacin ina jami'in tsaron na'urori a wata ƙungiya da ke adana bayanan marasa lafiya na ƙananan asibitocin karkara. Babban ofishinmu yana Kano, amma muna da saba biyu a waje, ɗaya a Gaya, ɗaya a Ajingi. Saba ita ce babbar kwamfutar da sauran ke ajiye bayanansu a cikinta. Aikina shi ne duk mako in saki wata manhaja ta yi musu sikanin, wato ta binciko ramukan da ɓarawon intanet zai iya bi. Sikanin iri biyu ne. Akwai na waje, wanda manhajar ke zagaya gida ta leƙa ta katanga kawai. Akwai na ciki, wanda ake ba ta suna da kalmar sirri ta shiga ta duba ɗaki-ɗaki. Na cikin shi ne na gaske, shi kuma masu ba mu tallafi ke nema.

Mai kula da sabobin nan biyu shi ne Malam Habibu, mutumin Toranke. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya koyar da Hausa a sakandare shekaru kafin ya koyi kwamfuta, kuma aikin kwantiragi yake yi da mu, ana sabuntawa duk shekara. Da aka ba da umarnin a ƙarfafa tsaron sabobi, kowa ya yi rabi ya bar rabi, shi kuwa ya bi takardar layi-layi. Ya rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita, ya hana shiga da sunan babban mai iko, ya kuma sa duk wanda ya kuskure kalmar sirri sau uku a kulle shi na awa guda.

Tun daga nan sikanin na ciki ya daina shiga. Ko'ina yana tafiya lafiya, ban da Gaya da Ajingi. Mako uku a jere manhajar tana dawo mini da magana ɗaya, cewa an ƙi ta.

Ƙa'idarmu ba a aika kalmar sirri a rubuce, don haka a waya ya karanta mini sabuwar da ya sa wa manhajar tun farko, na buga. Da abin ya ƙi, na kira shi na maimaita masa, ya ce daidai ne. Har ya ce, "Injiniya, ko in canza maka wata?" Ni kuma da zafin kaina na ce, "Ba kalma ce matsalar ba, Malam, wani abin ka toshe, ka je ka nemo shi." Kun san bakina, ba ya jiran lissafi.

A taron sashe shugabarmu Hajiya Binta ta tambaye ni me ke faruwa. Na ce ga alama mutumin ba ya son a ga abin da ke cikin sabobinsa. Wannan "ga alama" ita ta zama hujja. Kwantiraginsa saura 'yan kwanaki ya ƙare. Hajiya ta ce, "Kabiru, je ka gani da idonka ka rubuto. In shi ya toshe, ba za a sabunta ba."

Na isa Gaya da hantsi, an kwana ana ruwa, gero ya yi kore shar gefen hanya. Malam Habibu ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini fura. Ya san abin da ya kawo ni sarai, amma ya buɗe mini ɗakin sabar.

Muka zauna muka bi abin tsani-tsani. Da farko na duba ko ƙofar da manhajar ke bi a buɗe take, na same ta a buɗe. Na duba fayawol, wato katangar da ke tace masu shiga, na ga ya rubuta adireshin manhajarmu cikin waɗanda aka yarda da su. Na duba agogon sabar, don in lokacinta ya saɓa da namu tana iya ƙin baƙo, na tarar daidai yake. Na duba ko sunan da aka buɗe wa manhajar yana da izinin leƙa ko'ina, yana da shi. Daga nan muka shiga ta Ajingi ta intanet, ita ma komai tsaf. Wallahi raina ya fara ɓaci, don na zo neman laifi ina ta cin karo da aiki mai kyau.

Sai na buɗe log, kundin da saba ke rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, kowane mako: kalma ba daidai ba, sau uku, sai kulle.

Na ce, "Malam, shiga in gani."

Ya ja laftof ɗinsa ya buga, ta buɗe nan take. Na ja nawa na ce ya faɗa mini kalmar da baki. Ya ce, "Ƙasar Toranke sai dawa." Na maimaita a fili, na buga, ta ƙi. Na share na sake a hankali kamar mai tsince tsakuwa a wake, ta sake ƙi. Saura ɗaya a kulle mu.

Ya ce, "Dakata, Injiniya. Sake bugawa, amma kada ka tura. Hannunka nake son gani."

Na ɗora yatsa a harafin farko. Ya ce, "A'a, tsaya nan. Ina ƙugiyar?"

"Wace ƙugiya kuma?"

"Ƙasa na ce maka. Kai kuma kasa ka rubuta."

Kai, jama'a! Sai a lokacin na gane. Shi malamin Hausa ne, ya sa madannan Hausa, wato maɓallan rubutu masu haruffanmu, a laftof ɗinsa, harafin ka mai ƙugiya yake bugawa. Ni kuwa kamar kowannenmu, bakina yana faɗin ƙasa daidai, yatsana yana buga harafin ka na Turanci, yadda muka saba a saƙon waya. Shi ya sa duk maimaicin da muka yi a waya bai tona komai ba, kunne ba ya ganin abin da hannu ya rubuta. Ita kuwa saba ba ruwanta da abin da kake nufi.

Ya ce da gangan ya sa ƙugiyar, don ɓarayin da ke gwada kalmomi ba su cika tunawa da haruffanmu ba. Kuma gaskiyarsa ce.

Muka gyara a gurguje. Don kada a sake, muka cire manhajar daga kalmar sirri gaba ɗaya, muka haɗa ta da sabobin da makullin lambobi wanda ba mai bugawa da hannu. Kafin azahar sikanin ya shiga Gaya da Ajingi. Abin da ya samo ɗan kaɗan ne, bai kai na sabobinmu na Kano ba.

Da na tashi tafiya ya rako ni bakin mota, ya rage murya ya ce, "Rubuta kawai cewa matsalar madannai ce. Ba sai ka sa sunanka ba, kai yaro ne, gabanka da nisa."

Na yi ta juya maganar nan har Wudil. Na so in bi ta, ba zan ɓoye muku ba. Amma na san Hajiya. In ta ga matsalar madannai, tambayar da za ta yi ita ce wa ya kawo baƙon harafi, a ƙarshe dai kansa abin zai koma. Ga kuma maganar da na yi a taro tana nan ba ta goge ba.

Washegari na ajiye mata rahoton. Ta karanta har ƙasa, ta cire tabarau ta dube ni.

"Ya ce zai canza maka kalmar, ka hana shi?"

"E, Hajiya."

"Sannan ka zo nan ka ce ɓoyo yake yi?"

"Ni ne, Hajiya."

Ta ba ni kweri, takardar tuhuma ta farko a rayuwata, kuma na cancance ta. Ta sa hannu a sabunta kwantiraginsa a gabana, ta ce ni zan kira shi in gaya masa.

Na kira. Na gaya masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tun makon jiya na kwashe littattafaina daga ofis, kaɗan-kaɗan a jakar babur, don kada ranar ta zo a ga ina fita da kaya. Maiɗakina kaɗai na gaya wa. Yara ban iya ba."

Na ce, "Malam, ka yafe mini." Ya ce ya yafe tun a Gaya.

To, ku ji ni da kyau. A wannan aikin na'ura za ta ce maka an ƙi ta, amma ba za ta taɓa gaya maka laifin wa ba, kai ne za ka laƙa wa wani. Mutanenmu na ƙauyuka ba sa zama a taron da ake ambaton sunansu, ba su da bakin kare kansu. Kafin ka ce "ga alama" a kan ɗayansu, ka fara duba abin da yatsanka ya buga.