Gefe na Biyu na Kaset ɗin Kakana

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma yatsana ya fi hankalina gudu. Matata ta sha gaya mini haka tun muna sababbin aure a Saint-Fons, kusa da Lyon ta ƙasar Faransa, ni kuwa in ce da ita ta bar ni da halina. To, ga inda halin ya kai ni.

Kakana tsohon sojan Ingilishi ne, ko da yake mu mutanen Nijar ne, daga wani gari kudu da Maraɗi. Lokacin yaƙin duniya na biyu an matsa wa garinmu da aikin tilas, sai shi da amininsa suka tsallaka iyaka da ƙafa suka faɗa Katsina. Daga can aka kai su Kano, aka sa musu kaki, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka, inda suka yi ta bin sojan Italiya cikin hamada. Kakana ya dawo. Aminin bai dawo ba, ya kuwa bar matarsa da ciki.

Abin da aka haifa shi ne tsohon da dukanmu muke kira Baba. Ya zo Faransa tun ban san kaina ba, ya yi aikin gini har bayansa ya lanƙwashe, ya yi ritaya a wani ɗan ɗaki cikin fwaye, gidan kwanan ma'aikata da ke Montreuil, a gefen Paris. Bai taɓa ganin ubansa ba, ko hoto babu. Abin da ya mallaka na uban duka shi ne shaidar kakana, kuma duk garinmu an haddace ta: motarsu ta taka nakiya, aminin ya cika nan take bai ko yi nishi ba, kakana ya yi masa taimama tunda babu ruwan wanka, ya sallace shi, ya haƙa rami da hannunsa, ya kwantar da shi yana fuskantar alƙibla.

Saboda wannan shaida, duk Layya gidan su Baba ke aiko wa gidanmu cinyar rago. Uwarsa ta fara, shi ya ci gaba. Da ya ji na samu aiki a wata masana'antar sinadarai kusa da Lyon, sai ya riƙa hawa jirgin ƙasa washegarin salla da cinyar cikin jakar ƙanƙara, ya kawo mini har ƙofa. In na ce, "Baba, wahalar ta yi yawa," sai ya ce, "Ɗiyana, kakanka ya tona ƙasa da farce don ubana. Mi ne na shiga jirgi?" Gaskiya ina jin daɗin maganar nan. Ina ci ina fankama, kamar ni na haƙa ramin.

Muna da gurup na ƴan garinmu a waya, na gida da na waje duk a ciki. Akwai wani taubashina, na wasa ba na jini ba, da ke zaune La Courneuve a gefen Paris, mai baki kamar reza. Nasa kakan sojan Faransa ne, ya bar lambobin girma har uku, kuma taubashin nan ba ya gajiya da sa hotonsu. Wata ranar Lahadi ya sake sawa, ya bi da saƙon murya yana dariya: "Ina jikan kuku? Ka nuna mana lambar da Ingilishi sunka ba kakanka, ko ludayi sunka rataya mishi?" Wasan taubasai ne, na sani, kamata ya yi in rama da wasa. Amma mutane suka yi ta turo dariya, har da yaran da aka haifa jiya a nan, waɗanda ba su iya gaisuwa da Hausa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai na tuna da kaset. Kakana ya naɗi muryarsa a shekarunsa na ƙarshe, ya ba mahaifina, mahaifina ya jefa shi cikin akwati, da ya rasu akwatin ya zo hannuna. Na taɓa jin gefe na farko sau ɗaya, a tsohuwar rediyon wani maƙwabci. Labaran da muka saba ji ne tun muna yara: yadda ake ba su ruwa cikin gwangwanin da aka zuba fetur, su sha suna kakari, yadda ƙudaje ke rufe abinci kafin ya kai baki, yadda sajensu Bature ke zaginsu da Hausa mai kyau fiye da ta limamin garinmu, yadda ƙarfen mota ke ƙona tafin hannu da rana. Da gefen ya ƙare na ce ai sauran ma haka ne, na mayar wa maƙwabci rediyonsa.

Ranar Litinin na kai kaset wani shago a Lyon, suka juye mini shi cikin waya, kashi biyu. Da asubar Laraba, ina tsaye ina jiran bas na tafiya aiki, na tura duka biyun cikin gurup. Na rubuta a ƙasa: "Ga kukun nan, ku ji da kunnenku." Na isa masana'anta, na kulle wayar a kabad kamar yadda doka ta ce, na shiga aiki ina murmushi ni kaɗai.

Da na fito bayan azahar, na tarar gurup ya yi tsit. Gurup ɗin da ko akuya ta haihu a gida sai an yi saƙo hamsin! Kowa ya buɗe, babu wanda ya ce uffan. Sai kiran taubashina da na rasa har sau tara. Na kira shi ina shirin yi masa tsiya, ya katse ni, babu ko sallama: "Kai, ka saurari na biyun kafin ka tura?" Na ce a'a. Ya ce, "Innalillahi. Wawa. Baba ya saurara."

Baba bai iya karatu ba, saƙon murya kawai yake ji, kuma ba ya tsallake ko ɗaya. Duk abin da aka turo sai ya kai shi ƙarshe, don a ganinsa rashin ladabi ne ka katse mutum yana magana.

Na zauna a bencin tashar bas, hayaƙin masana'antu na tashi a bayana, na sa waya a kunne. Muryar kakana ce, amma ba ta hirar tsakar gida ba. A hankali yake magana, yana tari.

Ya ce da motarsu ta taka nakiya, amininsa bai mutu ba, ƙafafunsa ne suka dagargaje. Ɗayar motar ta cika da waɗanda za su iya zama, saje ya ce ba za a iya ɗora mai wannan rauni a kan kaya ba, za su je su dawo da motar asibiti. Aka bar kakana ya tsare shi a inuwar motar da ta ƙone, aka ba su gorar ruwa biyu. Kwana ɗaya, kwana biyu, shiru. A rana ta uku kakana ya duba ruwan, ya duba mutumin, ya rataya gorunan duka biyu a kafaɗa ya bi sawun taya.

"Idonshi biyu," in ji kakana. "Shina kallona. Bai zage ni ba. Cewa ya yi in tsaya in ji saƙo. Ya ce ya san an haihu a gida, ya san an raɗa wani suna, amma shi akwai sunan da yake kiran ɗan da shi a ranshi tun ranar da munka bar gari. Ya ce in namiji ne a ƙara mishi da wannan. Ya faɗa har sau uku, ina tafiya ina ji."

Na ɗauka nan ne ƙarshen mugun abu. Ashe da saura. Kakana ya ce bai yi rabin yini yana tafiya ba sai ga motar asibiti tafe, ta zo ɗaukarsu. Saje ya leƙo ya tambaye shi ina ɗan'uwansa. Ga gora biyu a kafaɗarsa, kowa na gani. Kunya ta kama shi, ya ce ya mutu tun jiya, ya binne shi. Sai motar ta juya.

"Saƙon kuwa ban isar ba," ya ce, "don wanda ya mutu nan take ba ya barin saƙo. Na riƙe sunan shekara da shekaru. Yau da na zauna in faɗa, na neme shi na rasa." Daga nan sai tari, sai kukan zakara daga nesa, sai kaset ya ƙare.

In faɗa muku gaskiya, ba Baba na fara tunawa ba. Kaina na tuna, da idon da zan kalli taubashina. Na goge saƙon da sauri, amma an riga an kwafe shi, kafin la'asar ya shiga gurup na wasu garuruwa. Gwaggona ta kira daga gida tana kuka, ba don mutumin da aka bari a rana ba, don ni ɗan banza da na tona asirin gida. Wani ya turo mini ni kaɗai, yana tambaya ko za mu amayar da naman da muka ci. Wani kuma, mai neman lada, ya je har ɗakin Baba ya sake kunna masa, wai don ya tabbatar ya fahimta da kyau. Mutane ba su da imani, ni ma ina cikinsu.

Na kwana uku ina jan ƙafa. Ranar Asabar matata ta ajiye mini takalma a bakin ƙofa, ta ce ko in tafi Paris ko ita ta tafi. Na hau jirgi, na sauka, na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Montreuil, duk hanya ina shirya ƙarya. Na yanke shawarar in ce kakana ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa, ba ya sanin abin da yake faɗa.

Na iske Baba zaune a bakin gado, wayar na kan gwiwarsa, shayi ya huce a gabansa. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiyar hanya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na durƙusa na fara: "Baba, ka san tsufa. Kaka ya kai lokacin da ko ƴaƴansa ba ya ganewa, abin da ya faɗa..."

Ya ɗaga hannu. "Ɗiyana, kada ka ƙara mini wata bisa wadda nike ɗauke da ita. Ni ma tsoho ne. Na san muryar wanda ya ruɗe."

Kunya ta rufe ni. Ya ce tun yana yaro in ya yi salla yakan juya tunaninsa ga kabarin nan, ya ga tudun ƙasa da duwatsu a kai. Yanzu ya duba babu komi a wurin, sai inuwar mota. Ya tambaye ni, tunda ni na yi boko, kwana nawa mutum ke yi babu ruwa cikin irin wannan rana. Na ce ban sani ba. Na sani, ƙin faɗa na yi. Ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Sai ya ce, "Babu wani kaset?"

"Babu, Baba."

"Cikin akwatin babanka, ko takarda?"

"Na zazzage shi jiya. Babu."

Ya daɗe yana kallon bango. A ƙasa ana ta hayaniyar masu sayar da masara da goro a ƙofar fwaye, wani yana kiran wani da Bambaranci. Can ya juyo ya ce, mutum ba ya riƙe suna shekara da shekaru bai ajiye shi wani wuri ba. Wataƙila kakana ya sa wa ɗaya daga cikin ƴaƴansa, don ya rage nauyi. Ya ce in faɗa masa sunayen ƴaƴan kakana maza, har da waɗanda suka mutu suna jarirai, kada in tsallake kowa.

Na so in ce masa wannan ba zai nuna komi ba, ko sunan na ciki babu mai iya gane shi. Sai na fasa. Na fara daga babban baffana na gangaro. Duk sunan da na faɗa sai ya rufe ido ya maimaita shi a hankali, ya ɗan jira, kamar mai sauraron ko za a amsa daga cikin ƙirjinsa, sa'an nan ya yi mini alama in wuce. Da na zo kan sunan mahaifina, ya maimaita shi kamar sauran, ya jira, ya ce in ci gaba. Su goma sha ɗaya ne. Na kai ƙarshe na tsaya.

Ya buɗe ido, ya gyara zama, ya matso da kunnensa mai ji kusa da bakina.

"Ka yi sauri da yawa," ya ce. "Sake daga farko."